Ɗigon Wardi a Farar Takarda

Na dawo Daura hutu daga jami'a, kaina cike da karatun sinadarai, zuciyata cike da Adawiyya. Mahaifinta, Alhaji Hafizu Maiturare, ya shekara talatin a kasuwa. Kwalba kawai yake kaiwa hanci ya faɗa maka ƙasar da aka tatso man.

Ranar da na je gaishe shi, rumfar cike take da masu haɗa lefe. So na yi in burge shi, labari ya isa kunnen Adawiyya.

"Baba, an koya mana gane man wardi na gaskiya. Akwai injin da ke rarrabe abin da ke ciki, amma farar takarda ma ta isa."

"Oho, ɗan boko ya zo gyara mana sana'a," in ji shi yana dariya. Ya miƙo kwalba. "Wannan daga hannun aminina Badaru na Mai'adua ya fito. Wallahi ba algus."

Na ɗiga, na shanya takardar a rana, ina ta zuba bayani: na gaskiya iska ke shanye shi, amma in an sirka da man gyaɗa, tabo zai zauna. Aka yi azahar aka dawo. Takardar nan sai ka ce an naɗe ƙosai da ita.

Wata Hajiya ta ajiye kwalabe ukun da ta zaɓa. "Haba Alhaji, har da rantsuwa?" Ɗaya bayan ɗaya masu sayayya suka zame, ba sallama.

Alhaji ya daɗe da kwalbar a hanci. Sannan ya ce, bai dube ni ba, "Muhsin, tun zazzaɓin bara ba na jin ƙamshin komai. Ko iyalina ba su sani ba. Badaru kaɗai na gaya wa."

Na durƙusa ina ba shi haƙuri.

"Tashi, ba ƙarya ka yi ba. Ni zan yi kaffara." Ya fara sauke kwalabe daga kan kanta.

Da la'asar na je gidansu. Adawiyya ta fito zaure, ba tabarma, ba ruwa. Idanunta sun yi ja.

"Gaskiya na nuna, Adawiyya," na ce.

"Na sani. Da ka ja shi gefe."

Ta koma ciki. Rumfar kwana tara ke nan a rufe, ni kuma na kasa bi ta layin.