Layi Uku a Gonar Mai Kara

"Kai direba! Tsaya! Na ce ka tsaya!"

Da takalmi ɗaya na iso, ɗayan ya tsinke a hanya. Tarakta ta riga ta yi layi uku a gonar maƙwabcina. Ƙasa baƙa wuluk ta kife, tsutsotsi na ta mutsu-mutsu a rana.

Ɗansa, wanda ke ɗinki a birni, ya taho yana kaɗe wando. Jiya ya zo duba uban da ke kwance.

"Kawu, lafiya?"

"Wa ya sa ka?"

"Sai an sa ni? Tun da na sauka daga mota ake min gori, wai tsoho ba lafiya, gonarsa ta zama juji, 'ya'yansa ko oho."

"Jujin nan shekara bakwai ubanka ya yi yana tara shi!"

Ni ne ma na fara yi wa tsohon dariya, ni na raɗa masa Mai Kara. Shekarar da malamin gona ya ce a daina kifa ƙasa, a bar kara ya rufe ta, a tona rami kawai a jefa iri, duk mun watse muna tsaki. Shi kaɗai ya ɗauka. Muna ƙone namu karan, nasa na kwance yana ruɓewa. Kullum na wuce sai na ce, "Sannu da hutawa, sarkin raggaye." Da ruwa ya ɗauke mana sati uku, masarata ta naɗe ganye, tasa kuwa ko a jikinta. Ban ce masa komai ba, girman kai ya hana.

Makon jiya ya riƙe hannuna ya ce kar in bari ƙarfe ya shiga gonar nan. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Ga shi yau ina zaune ina shan shayi, ina jin ƙarar inji, na ɗauka gonar wani ce. Haushin kaina ya fi na yaron.

"Ku yanke shawara," in ji direba. "Gonaki huɗu ke jirana."

Na ja hannun telan, na ture kara da ƙafa, na cusa yatsunsa a ƙasa. Kwana goma rabonmu da ruwa, amma akwai danshi da sanyi. Na kai shi iyaka na ce ya taɓa tawa. Ƙura ce ta tashi. Ya dubi hannunsa ya dube ni, sannan ya ɗaga wa direba hannu ya sallame shi.

Tagar ɗakin Mai Kara gonar take kallo, don haka na san ya ji komai. Muka tarar matarsa na yi masa fifita da murfin kwali, kwalaben magani jere a kan rediyon da ya daina kunnawa. Ƙafafunsa sai motsi suke a ƙarƙashin mayafi, kamar mai neman takalmi.

"Tun da injin ya fara yake son tashi," in ji ta. "Da ƙyar na danne shi."

"Layi nawa?" ya tambaye ni.

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi.

"Uku."

Ya rufe ido. Ɗan ya durƙusa a bakin gado.

"Baba, wallahi ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba." Ya huta. "Ɗebo min ƙasar."

Yaron ya fita da gudu, ya dawo da ƙasa cikin tafin hannu. Tsohon ya murza ta, ya kai hanci, ya daɗe yana shinshinawa. Ƙafafun suka daina motsi.

"A mayar mata da karanta, kar rana ta dafa ta." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, sarkin masu ƙwazo, na ga kusurwar da kake ɓoye kara a bayan tsamiya."

Na yi dariya, hawaye suka biyo ta. Shekara biyu ina zaton ba wanda ya gani.

Bayan kwana biyu ya rasu, da la'asar, hadari na haɗuwa. Ruwan bai sauka ba sai da muka dawo daga binne shi, ya kuwa zuba kamar da bakin ƙwarya. Na kasa zama cikin masu gaisuwa, na zame na nufi gona.

Daga tawa jan ruwa ke gangarawa kwalbati, yana tafiya da ƙasata. A tasa ruwan shigewa yake shiru, sai a layi ukun nan da ya fara yanka hanya. Telan na can, takalmin birni ya nutse a taɓo, ya rungumo kara yana shimfiɗawa ɗaya bayan ɗaya, yana daidaita bakinsu da tafin hannu. Ya gama layi ɗaya, saura biyu.

Na naɗe ƙafar wandona na shiga ta ɗaya ƙarshen.