Tambayar da Surukina Ya Yi Mini a Rediyo

Surukina ne ya sa aka gayyace ni gidan rediyon. Ya daɗe yana wa'azi a can duk ranar Laraba da hantsi, ni kuwa fiziks nake koyarwa a jami'a. Mako uku yana shaida wa masu sauraro cewa kimiyyar zamani ta tabbatar da samuwar Ubangiji, kuma mijin 'yarsa zai zo ya yi bayani. Sau biyu na je gidansa da niyyar in gyara masa, sau biyu na gaishe shi na tashi ban furta ba. Nauyinsa nake ji.

Ɗakin shirin ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da soso, tebur ɗaya, makirufo uku. Surukin nawa, da nake kira Baba, ya zauna muna fuskantar juna, ya ajiye tabarau a kan takardunsa. Jar fitila ta kama, mai gabatarwa ta ce in fara.

Na ce akwai wani fanni, kwantam, da ke nazarin abubuwan da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, irin ƙwayar lantarki. Idan aka harba su ɗaya bayan ɗaya zuwa wani shinge mai tsaga biyu, zanen da ke fitowa a allon baya layi-layi ne, kamar kowace ƙwaya igiyar ruwa ce da ta ratsa tsagogin biyu lokaci guda. Amma da an sa na'urar duba tsagar da ta bi, sai zanen ya ɓace, ƙwayar ta bi guda ɗaya. Kuma ba mai iya faɗin inda za ta sauka, sai dai a lissafa inda ya fi yiwuwa.

Baba ya gyara zama, fuskarsa fal murna. Ya ce ashe abu ba ya tsayuwa sai an dube shi. To kafin a halicci ɗan'adam, wa ke duban duniya har ta tsaya?

“Ɗana, faɗa musu da bakinka. Kimiyya ta tabbatar ko ba ta tabbatar ba?”

Ta cikin gilashi na hango injiniyan sauti yana juya yatsa, wai kada a bar shirin ya yi shiru. Na tuna ɗalibaina suna saurare, matata ma haka.

“Baba, ku gafarce ni. Ba ta tabbatar ba.”

Sai na ci gaba da sauri, kada in karaya. Na ce duban da ake nufi ba na ido ba ne, ba na hankali ba. Na'ura ce, kuma ko iska ce ta taɓa ƙwayar, zanen zai ɓace ko babu kowa a ɗakin. Masana kansu har yau ba su daidaita a kan ma'anar abin ba.

Baba ya ɗauki tabarau ya sake ajiyewa. Mai gabatarwa ta yi maza ta buɗe layin waya, mutum na farko kuwa ya tambaya kai tsaye ko wannan dakta ya yi imani da Allah ma.

“Na yi,” na ce. “Amma ba ƙwayar lantarki ce ta ba ni imanin ba. In na jingina shi da lissafi, ranar da aka gyara lissafin ina zan sa kaina?”

Har aka rufe shirin Baba bai ƙara duban inda nake ba. Sai da muka fito baranda ya tsaya, ya juyo gare ni.

“Sau biyu ka zo gidana.”

“Haka ne, Baba.”

“Me ya hana ka faɗa mini a can?”

Na nuna masa inda na ajiye mota. Ya ƙi shiga motata, ya tare tasi.

Mako biyu ba ya ɗaga wayata, matata kuma gaisuwa kawai ke haɗa mu. Laraba ta uku ina ofis na kunna rediyo. Baba ya buɗe shirin da cewa ya yi gaggawa a wata magana, ya janye ta, wanda ya ji ya isar wa wanda bai ji ba. Bai ambaci sunana ba. Daga nan ya shiga babin haƙƙin maƙwabci.