Jan Rubutu a Ƙarƙashin Fenti

In mutum ya sayi abu da araha don masifa ta afka wa masu shi, taimakonsu ya yi ko cin moriyar hawayensu? Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina juya tambayar nan. Na kai ta gaban malamai biyu, ɗaya a Jega ɗaya a Aliero, kowanne ya ce ciniki in an yi shi da yardar juna halal ne. Ban musa ba. Sai dai ba abin da na tambaye su ke nan ba.

Lokacin da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jihar Kebbi, babu wanda ya kai masu fenti ciniki. Allon makaranta ne, na shagon magani ne, na mai ɗinki ne, sai an shafe tsohon suna an rubuta sabo. In ka ratsa garin Jega da hantsi, warin fenti ne zai fara yi maka sannu. Kowa na tafiya da ƙarfin gwiwa, kamar duk abin da ya tsufa shafe ɗaya ya ishe shi ya koma sabo. Ni ma na yarda da hakan.

Sunana Yahaya, amma a tasha Alƙali ake ce mini, don ba a gama gardama a rumfar mai shayi ban ce "to, amma in da a ce" ba. Ban yi boko ba. A bayan motoci na koyi karatu, ina biye da su a kan titi ina haɗa baƙaƙe har su zama magana. Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa motar wani Alhaji, burina ɗaya, in riƙe sitiyarin da yake nawa. Abin da na mallaka kuwa bijimai biyu ne a ƙauyenmu Gehuru, da albasar rani guda, da awakin matata Barakatu. Duk in an haɗa, ba su kai ko kusa da kuɗin mota mai lafiya ba.

Sai ga motar Atiku.

Atiku saurayi ne ɗan Maiyama, mai farar a-kori-kura. Shi ke ɗauko matan garinsu da kayansu zuwa kasuwar Jega. A ƙyauren bayan motar an rubuta ALBARKAR INNA da jan fenti. Wata safiya da damina shanu suka faɗo masa titi, ya kauce musu, ya ci karo da bishiyar gawo. Shi kaɗai ne a ciki, nan take rai ya yi halinsa. Aka buga wa takardun motar hatimin cewa ta tashi daga aiki, aka ja ta bayan gidansu. Wata takwas tana nan, kaji na ƙwai a ƙarƙashin kujera. Babu direban da ya je ko dubawa. Ana cewa motar da ta sha jini ba ta ƙoshi.

Ni na je. Gaban ya lotse, gilashi babu, amma da na leƙa injin na ga ko tsagewa bai yi ba. Baffan Atiku, Malam Sadiq, ya faɗi kuɗi. Na taya rabin abin da ya faɗa, kuma na san sarai babu mai tayawa a bayana. Ya dubi ƙasa, ya dubi 'ya'yan Atiku biyu da ke wasa a bakin zaure, ya ce, "Na sallama. Allah shi sa albarka."

Aka ɗaura mata igiya, muka ja ta zuwa Aliero wurin Malami mai gyaran jikin mota. Malami ɗan gidan maɗora ne, kakansa da mahaifinsa ƙashi suke ɗorawa, shi kuma ya koma ƙarfe. Ya zagaya ta sau biyu yana tsaki.

"Alƙali, mi na yi maka? Gawa ce ka jawo mini."

"Ba ku ne 'yan ɗori ba? Ga karaya na kawo."

"Kakana karaya yake ɗorawa, ban taɓa jin ya tada matacce ba. Kai dai rowa ta kashe ka. Mutane na sayen mota, kai kana sayen makara."

Duk da haka ya yi aikin. Sati bakwai yana bugu yana miƙewa, ni kuma ina yawon tsohuwar kasuwar ƙarfe ina tsinto masa fitila da lagireto. Da aka zo fenti, ya ce a kankare tsohon, a goge da samfefa, a yi shafe uku. Na ce galan ɗaya nake da halin saye.

"To ka sani," in ji shi, "jan fenti awa tsohuwar gaba yake. Ba ya mutuwa, kwanciya yake yi."

Barakatu ma ta yi magana a gida. Ta ce, "Malam, ka bar rubutun nan mana. Mi ya tsare maka?"

Na ce mata in na bar shi, ita da 'ya'yanta ne kawai za su shiga motar. Muka shafa shuɗi, shafe ɗaya. Na kai ta aka duba lafiyarta, aka ba ni sababbin takardu da sabuwar lambar Kebbi. Tsohuwar lambar Sakkwato na jefa ta bayan rumbu. Motar ta fito kamar jiya aka haife ta, ita da jihar tsara ɗaya.

Layin Maiyama zuwa Jega na ɗauka, don na san matan can ba su da tsayayyar mota. Na kuma san dalilin da ya sa ba su da ita. Wannan ma yana cikin abin da nake juyawa.

Ban taɓa jin daɗin duniya kamar na watannin nan ba. Ranar kasuwa, bayan sallar asuba, in tarar da su a gindin tsamiya da kwandunan daddawa, da man gyaɗa, da kaji an ɗaure musu ƙafa. Su cika baya maƙil, suna faɗa a kan wurin zama suna dariya. Wata mai suna Luba, mai bakin da ba ya hutawa, takan buga rufin motar ta ce, "Direba, sannu-sannu, ƙwai gare mu, kuma ba na kaji kaɗai ba!" Sauran su kwashe da shewa. Da yamma in dawo da su, kowace da gishirinta da atamfarta, ana lissafa wadda ta cuci wani da wadda aka cuta. Har yau in na ji warin daddawa da na fetur sun haɗu, sai in tuna watannin nan.

Mace ɗaya ce ba ta taɓa shiga ba. Gudiya sunanta, tsohuwa mai daddawa, ita ce mahaifiyar Atiku, kuma ita ce matan ke jin maganarta. Kullum tana nan gindin tsamiyar da kwandonta. In na ce, "Inna, ga wuri a gaba," sai ta ce, "Wuce, ɗan nan. Allah shi kiyaye hanya." Ta zauna jiran babbar motar da ke fitowa daga Yauri, wani lokaci har rana ta take. Matan suka ce tun rasuwar ɗanta ba ta son ƙaramar mota. Na karɓi wannan bayani hannu biyu, don ya yi mini daɗi.

Damina ta wuce, rana ta gasa motar. Ban lura ba, don direba ba ya ganin bayan motarsa. Wata safiya ina ɗaure kaya na ji surutu ya ɗauke. Luba na tsaye a baya, ta kafa wa ƙyauren ido. Ba ta iya karatu ba, amma shekara huɗu tana hawa ta kan wannan zanen.

"Ku zo ku gani," ta ce. "Wanga ba zanen motar Atiku ba ne?"

Na zagayo. Ga shi nan, ja-ja a ƙarƙashin shuɗin, kamar jijiya a bayan hannu. Ba wadda ta zage ni. Ɗaya bayan ɗaya suka sauke kwandunansu, suka koma gindin tsamiya kusa da Gudiya. Na koma Jega da buhun iska.

Kafin sati labari ya kai ko'ina. Masu albasa a Aliero suka daina ba ni lodi. A tasha wani ya ce, "Alƙali, yau wa zai yanke maka hukunci?" Kasuwa uku na yi ban ɗauki ko akuya ba. Bijimai da awaki sun tafi a saye da gyaran motar, Alhajin da na bari ya sa wani a motarsa. In matan Maiyama ba su dawo ba, ba ni da abin da zan ciyar da gidana.

Barakatu ta ce in je in ga tsohuwar. Na je da hantsi, na same ta a tsakar gida tana shanya kalwa. Na durƙusa na gaishe ta, na fara kame-kame.

"Bar wahalar da bakinka," ta ce. "Tun ranar farko na san ta."

"Tun ranar farko, Inna?"

"Shekara huɗu kukan injin ga na tashe ni da asuba. Don ka sa mata shuɗiyar riga sai in mance muryarta?"

"Kuma ba ki faɗa wa kowa ba."

"In faɗa in ci mi? Kai ma 'ya'ya gare ka."

Na ce mata na taya motar da arahar da ta wuce hankali, in tana ganin na ci haƙƙin marayu ta faɗa mini. Ta ci gaba da baza kalwarta.

"Kuɗinka gero muka saya, marayun suka ci har kaka. Ban da kai da tana nan kaji na kashi a kanta. Ban riƙe ka da wannan ba." Ta ɗago. "Ni ban san baƙi ko ɗaya ba. Ranar da aka yi rubutun ga, Atiku ya kama hannuna ya bi da yatsana a kai, ya ce, Inna, ke ce nan. Mun binne shi da hannunmu, mun dangana. Sai na wayi gari wani ya sake binne shi da galan ɗin fenti."

Amma yunwa ba ta da kunya. Na roƙe ta ta shiga motar ko sau ɗaya, don in ta shiga matan za su biyo ta.

"A'a, ɗan nan," ta ce. "So kake in zame maka shafe na biyu."

Na wuce Aliero wurin Malami. Ya ce hanya biyu ce. Ko a kankare ƙyauren har ƙarfe a yi fenti na gaskiya in koma wani layi, ko in kai ta can Yauri inda ba a san ta ba in sayar wa wani.

"Shi kuma wanin in ce masa mi?"

"Ka ce masa sabuwa ce, ga lambar Kebbi. Ba haka ka ce wa kanka ba?"

Sai na ce ya ba ni ɗan jan fenti da ƙaramin buroshi.

"Alƙali, ka haukace. Wanda bai gani ba ma yanzu zai gani."

"Na sani."

Ni na bi baƙaƙen da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, a kan sawun na da. Hannuna ba na mai zane ba ne, harafin ƙarshe har ya zubo da hawaye. In ka tambaye ni don Allah na yi ko don fasinja, wallahi ban sani ba. Na bincika zuciyata sau da yawa, kowane lokaci sai in tarar da su biyun zaune a tabarma ɗaya.

Ranar kasuwa na je gindin tsamiya, na juya bayan motar wajen matan, na kashe inji. Babu wadda ta motsa. Gudiya ta dubi rubutun, ta kau da kai. Babbar motar Yauri ta zo ta kwashe su. Kasuwa ta gaba ma haka. Man da ke tankin ranar kasuwa ta uku da kuɗin tunkiyar ƙanwar Barakatu na saye shi, kuma na riga na gaya wa Malami ya nemo mini mai sayen inji.

Na tsaya inda na saba. Can sai tsohuwar ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta tako a hankali har bayan motar, ta sa yatsa a kan harafin farko, ta bi su duka har inda fentin ya zubo.

"Nasa ya fi kyau," ta ce.

"Gaskiya ne, Inna."

Ta juya wajen matan. "Luba, kina kallona? Ɗauko mini kwandon."

Ta zagayo gaba. Ƙofar gefen fasinja tun gyaran Malami ba ta buɗuwa sai an ɗaga ta sama, na yunƙura zan taimaka, ta riga ni. Ta ɗaga, ta ja, kamar wadda ta saba. Ashe tun a hannun Atiku haka ƙofar take. Ta shiga, ta gyara zaninta, ta yi bisimilla. A baya na fara jin kwanduna na sauka a kan ƙarfe, da muryar Luba tana cewa a matsa mata.

"Tada mu," in ji Gudiya. "In mun kai wurin gawon nan ka rage gudu, zan yi masa addu'a."