Santsin Randar Inna

Innarmu Tani ba a kawo mata wasa a kan tsafta. Ko karan tsintsiya ta gani a tsakar gida, sai maƙwabta sun ji muryarta ta bayan danga. Saboda haka da lokacin yayen jikanta Mu'az ya yi, babu wanda ya yi wani tunani. Aka yi yadda aka saba a gidanmu na Tudun Kaya, aka ɗauke shi daga ɗakin uwarsa aka kai wa kaka.

Mu'az ɗan farin yayana Shitu ne da matarsa Rumasa'u. Ya shiga ɗakin Inna ɓul-ɓul da shi, tana ta tsokanarsa wai ta yi sabon miji mai kumatu. Ba a je ko'ina ba gudawa ta kama shi. A ba shi magani ta tsaya, a kwana biyu ta dawo. Wasu suka ce haƙori ne, wasu suka ce kewar nono ce. Kafin a fara cirar gyaɗa, rigar da aka ɗinka masa da salla ta koma kamar ta aro.

Ni ina aure a Beli. Da Shitu ya kira ni a waya, muryarsa kaɗai ta sa na yafa mayafi na tari ɗan acaɓa. Yaron da na tarar ya ba ni tsoro, wuya ya yi siriri, ko kukan kirki ba ya iya yi. Rumasa'u kuwa tana ta daka kamar ba ɗanta ba, don kunyar ɗan fari ta hana ta ɗaukarsa a gaban mutane, balle ta kama sunansa. Sai da na zaga bayan rumbu na same ta tana share hawaye da bakin zane. Wannan kunya tamu, wallahi, wani lokaci haushi take ba ni.

A asibitin ƙauye akwai wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Sadiƙa. Tun farko ta ce a riƙa tafasa wa Mu'az ruwan sha, kuma Inna ba ta taɓa fashi ba. Da muka sake kai shi, ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce za ta biyo mu gida idan ta tashi.

Bayan la'asar ta yi sallama. Aka gaisa, aka tambayi gida da aiki da mai jiki. Ta duba kwanukansa, ta leƙa makewayi, ba ta ga abin faɗa ba, Inna tana biye da ita tana hura hanci. Can ta tambayi inda ake ajiye ruwan idan an tafasa.

Nan Inna ta ja ta zuwa ƙuryar ɗaki, wurin randarta. Randar nan da ita aka kawo Inna gidan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Rabinta binne yake cikin jiƙaƙƙen yashi, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin gindinta ba. A wurin Inna, gidan da randa ta bushe arziki ya yi ƙaura, don haka sai dai a ƙara ruwa a kan na jiya. Ruwan Mu'az ma idan ya huce, ciki take juyewa, wai mijinta ba zai sha ruwa mai ɗumi kamar baƙo ba.

Sadiƙa ta nemi sabulu ta wanke hannu har gwiwa, ta nemi izini, ta zura shi ciki ta shafo bangon randar. Yatsunta suka fito da wani yauƙi kamar na kuɓewa.

"Ai shi ne man randa, 'yar nan," in ji Inna. "Shi ke sa ruwa sanyi da garɗi."

Sadiƙa ta zauna a bakin tabarma ta yi mana bayani a hankali. Ta ce ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani, idan suna yawo cikin ruwa ba su da wuyar kawarwa. Amma idan suka sami bango mai kaushi da ba ya bushewa, sai su maƙale, su fitar da wani danƙo su lulluɓe kansu, su yi ta hayayyafa a ƙarƙashinsa. Ɗauraya ba ta fitar da su, kamar yadda kurkure baki ba ya cire dattin haƙori sai an sa asuwaki. Duk ruwan da aka zuba, komai tafasar da ya sha, sai wasunsu sun saki bango sun shiga cikinsa. Mu manya cikinmu ya saba, amma yaron da aka cire daga nono ba shi da wannan ƙarfin.

"Ba ƙazanta ba ce, Inna," ta ce. "Kuma ba zan rantse cewa ita kaɗai ce ba. Amma da ɗana ne, da randar nan zan fara."

Fuskar Inna ta canza. Ta ce daga randar nan ta shayar da duk 'ya'yan da ta haifa. Ni dai na sunkuyar da kai, don na tuna ba dukanmu ne muka girma ba, kuma na san ita ma ta tuna.

Sai ga Rumasa'u ta ajiye taɓarya. Yarinyar da ko ido ba ta haɗawa da surukarta ta zo ta durƙusa a gabanta.

"Inna, don girman Allah. Mu'az nake ji."

Ranar na fara jin sunan nan a bakinta. Inna ta dube ta, ta dubi yaron da ke kwance a kan zane, ta tashi ta shige ɗaki. Na ɗauka mun ɓata rawarmu ke nan.

Da safe ƙarar fartanya ce ta fito da ni. Inna ce da kanta take tone yashin gindin randa, ta kwashe ruwan tas ta zuba wa kaji da shuka. Shitu ya zo zai kama mata, ta ce ya yi a hankali, don randar ta girme shi. Muka mirgino ta tsakar gida, muka sa soso da toka da yashi. Ruwan da ya riƙa fitowa kore-kore ne, har da wari, Inna tana dirza tana salati. Muka kife ta a rana ta yini, da yamma aka cusa mata kara aka kunna wuta. Daga nan ya zama duk Juma'a sai an wanke ta an shanya, aka kuma samo murfi da moɗa mai dogon hannu.

Sauƙi bai zo rana ɗaya ba. Gudawar ta ragu, ta ɗan dawo, sannan ta ɗauke. Na koma Beli yana shan kunu da ƙyar. Duk wayar da muka yi da Inna kuwa, sai ta yi mini mitar cewa ruwanta ya zama salam, babu garɗi.

Ban sake zuwa ba sai bayan an yanke dawa. Na tarar da shi zaune a tsakar gida, ya damƙi tuwo da hannu biyu, ya shafe fuska da miyar kuka. Inna ta ce in tsaya in ga yadda take goya mijinta. Ta sunkuya ta ɗago shi, ya kai gwiwarta, sai ta dire shi ta dafe ƙugu. Ta sake gwadawa, ta kasa. Ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Rumasa'u," ta ce, "zo ki ɗauki ɗanki. Ya fi ƙarfina."