Iskar da Ta Bi ta Gonar Malam Gide

Duk Daudawa ba wanda ya kai Malam Gide ƙin iska. Ba laifinsa ba ne. Mutum ne mai noman dawa kaura, irin doguwar nan da in ta samu taki sai ta wuce kan ɗaki, in kuwa ta fid da kai ta yi nauyi, iska guda ta ƙarshen damina ta isa ta kwantar da ita. Tun da aka daina zuwa gonakin daji saboda halin da ake ciki, gona ɗaya ta rage masa, ta bayan gari, ita ce tuwon gidan na shekara. Shi ya sa in liman ya roƙi Allah ya tsare amfanin gona daga iska, amin ɗin Malam Gide har sahun baya ake jin shi.

To, sai Allah ya ba shi ɗa mai cin abinci da iska.

Yahya ke nan, ɗansa na fari. Ya bi motar masara zuwa Ikko da sunan zai dawo kafin shuka, ya zarce abinsa. Daga dako a bakin ruwa ya koma dafa wa ma'aikata abinci, daga nan wani ya yi masa hanya ya shiga wani jirgin ruwa na katako mai kai koko da gahawa Turai. Jirgin ba ya shan mai. Manyan zannuwa ake ɗaga masa a kan dogayen itatuwa, iska ta cika su ta tura shi. Masu sayen kayan, in ji Yahya, haka suka fi so, a kawo masu ba tare da an turnuƙe duniya da hayaƙi ba.

Ranar da Bilki, ƙanwar Yahya, ta nuna wa uban hoton jirgin a waya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanga ai shanya ce aka yi bisa ruwa." Amma kafin la'asar ba wanda bai ga hoton ba a majalisar ƙofar masallaci. Malam Gide ba ya yabon ɗa a gaban mutane, sai dai ya miƙa maka waya ya kau da kai kamar ba ruwansa.

Dawa ta fid da kai, ido ya fara cika, sai saƙon murya ya shigo wayar Bilki. Ta wayar kyaftin ɗin jirgin Yahya ya turo shi, don a tsakiyar teku ita kaɗai ke aiki.

"Baba, ina gaisuwa. Iska ta ɗauke mana, muna tsaye wuri guda, ba gaba ba baya. Abin da muke tace ruwa da shi ya lalace, yanzu da kofi ake auna mana na sha. Akwai wani tsibiri gabanmu, in iska ta zo za mu isa. Kada ku damu, addu'a dai."

Malam Gide ya ce a sake sawa. Aka sake. Ba maganar yake saurare ba, muryar yake saurare, kuma ya ji abin da yake tsoro: harshen yaron yana mannewa. Ya tashi ya nufi randa, ya ɗebo ruwa a moɗa, ya tsaya da ita a hannu. Can ya mayar da ruwan ya rufe. Tausayin ɗansa ya cika shi har ya rasa inda zai zauna.

Da azahar liman ya ɗaga hannu bayan sallama. Ya roƙi ruwa mai albarka, aka ce amin. Ya roƙi zaman lafiya, aka ce amin. Ya ce, "Allah ka tsare mana amfaninmu daga iska." Masallaci ya amsa, amma an ji giɓi. Alhaji Salihu, maƙwabcinsa na gida da na gona, ya waiga ya dube shi. Hannun Malam Gide na sama, bakinsa a rufe.

"Malam, lafiya? Yau ban ji ka ba," in ji Alhaji Salihu wajen sa takalma.

"Maƙogwaro ne, Alhaji."

A gida ya kira ɗiyarsa. "Bilki, shi tekun da suke, ta wane gefe yake?"

Ta duba a waya, ta nuna yamma.

"Hadari kuma daga gabas yake taso mana, shi wuce yamma."

Bilki ta gane inda ya dosa. Ta yi makaranta, ta san abin ba haka yake ba. "Baba, wurin fa da nisa. Iskar nan tamu ba ta kai can."

"To ina take zuwa in ta wuce mu? Ke kin taɓa ganin inda ta tsaya?"

 Bilki kuwa ba ta taɓa gani ba.

Da yamma ya tafi gona shi kaɗai. Kaurar nan ta yi kyau bana, wallahi ta yi kyau, kawunan sun sunkuyo kamar masu gaida surukai. Ya bi kunya-kunya yana taɓa su. A ƙarshen gonar ya cire takalmi, ya fuskanci gabas, ya yi maganar da bai taɓa zaton za ta fito daga bakinsa ba.

"Ya Allah, ka san abin da nake roƙonka kowace shekara. Bana na janye. In hanyarta ta nan ce, ta bi." Sai ya tuna da maƙwabci. "Amma ta bi ta tawa. Alhaji Salihu ba shi da ɗa bisa ruwa."

Ranar Alhamis bayan la'asar gabas ta haɗe. Mata suka yi ta kwashe shanya, ana kora awaki, kwanon rufi ya fara kaɗawa. Malam Gide, wanda in hadari ya taso yakan shige ɗaki da carbi yana neman tsari, yau a ƙofar zaure ya tsaya, riga na filfila. Bilki ta ji shi yana cewa a hankali, "Wuce. Yi sauri, wuce."

Ta kuwa wuce. Da safe aka ga aikinta. Ta taɓa gonakin mutane nan da can, amma ta Malam Gide da ke kan tudu, dawarta kuma ta fi ta kowa tsawo, ita ta sha kashi. Fiye da rabi na ƙasa, kawuna cikin laka. Kada wani ya ce maka bai ji zafi ba. Ya ji. Ya durƙusa ya ɗago kai guda ya share masa ƙasa da hannun riga, ƙwalla ta cika masa ido. Masu jaje suka zo, ya amsa masu da "Haka Allah ya so," suka yi mamakin yadda ya faɗe ta ba nauyi. Alhaji Salihu ya kawo igiya, suka shiga ɗaga karan da bai karye ba, suna haɗa su suna ɗaurewa, a ceci abin da za a ceta kafin gara ta riga su.

Suna cikin wannan aiki, mako na zagayowa, sai ga Bilki a guje da waya a hannu. Kira ne, ba saƙo ba. Ta sa a fili.

"Baba, mun iso tsibirin. Lafiya lau. Tun ran Talatar makon jiya iska ta zo mana."

Talata. Malam Gide ya dubi dawarsa da ke kwance. Ba sai an yi masa lissafi ba, Talatar nan ta riga Alhamis ɗin hadarin da kwana biyu.

Bilki ta janye wayar gefe, ta yi ƙasa da murya, ta faɗa wa yayanta abin da ya faru a 'yan kalmomi. Uban na jinta sarai. Daga can ɓangaren ana jiyo kukan wasu tsuntsaye da bai san irinsu ba.

"Baba," in ji Yahya, "ita ta Talatar 'yar kaɗan ce, ko zani ba ta cika ba. Ta gasken daga baya ta zo. Daga gabas. Ita ta kawo mu."

Malam Gide ya san muryar ɗansa in yana gyara magana, tun yana yaro haka yake jan ƙarshenta. Ya ji son yaron ya kama shi har ƙirji. Bai ƙaryata shi ba.

"Madalla. Allah shi yi maka albarka." Ya karɓi wayar da hannunsa mai laka. "Akwai ruwa kusa da kai?"

"Akwai, Baba. Ga gora nan cike."

"Sha in ji."

Yahya ya yi 'yar dariya, sannan ya kafa kai. Malam Gide ya manna wayar a kunne, ya rufe ido, yana jin ruwan na wucewa ta maƙogwaron ɗansa, ƙwat, ƙwat, ƙwat. Da yaron ya tsaya numfashi, uban ya ce, "Ƙara."