Gajimaren Mai Famfo

Shekara kusan talatin Mai Famfo ya yi yana aiki a filin gwajin injin roka, amma bai taɓa ganin wutar injin da idonsa ba. Ko sau ɗaya.

Filin ba wurin tashin roka ba ne. Inji kawai ake kawowa, a ɗaure shi tamau a jikin wani ƙaton gini na ƙarfe da kankare, a kunna, a ga ko zai yi abin da aka ƙera shi dominsa. Wutar da yake fesowa ta isa ta narkar da ramin da ke ƙarƙashinsa, don haka sai an yi ta kwarara mata ruwa. Ruwan nan shi ne aikin Mai Famfo. Ɗakinsa na can gefe, rabinsa cikin ƙasa, ba taga, ƙofar ƙarfe. In jiniya ta yi kuka, ya rufe ƙofa, ya tada famfunan, ya kafa wa allurar ma'auni ido. Sai ƙasa ta ɗauki rawa, haƙoransa su kama kaɗawa. In ta lafa ya kashe, ya buɗe ƙofa, ya tarar an gama komai.

Da ya bar aiki, abu biyu ya taho da su gida: kunnen hagu da ya mutu, da labarai. Labaran ne suka ja masa.

Wata safiya jikarsa, wadda ake kira Barkono saboda bakinta, tana kwance rub da ciki a falo tana zanen roka na makaranta. Ta ɗago kai.

"Kaka, wutar wane launi ce?"

Ya juyo mata kunnen dama. "Me?"

"Wutar injin! Wane launi zan sa?"

"Wuta ai wuta ce."

"Ja? Ruwan ɗorawa?"

Ya sosa gemu. Ƙarya ba ta cikin halinsa. "Ban gani ba," ya ce.

Barkono ta ajiye fensir, ta tashi zaune. "Inna! Zo ki ji mijinki. Shekara talatin bai ga wuta ba. Ashe duk tatsuniya yake mana."

Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, tana kan keken ɗinki a bakin taga. Ko juyowa ba ta yi ba. "Ni ma da labarin ya samo ni, 'yar nan. Sai haƙuri."

"To ina hotonka a wurin aikin? Kakan ƙawata direban jirgin ƙasa ne, hotonsa na bango, da hula da komai."

"Mu ba a barinmu mu shiga da kyamara."

"Uhm," in ji Barkono. Ta ɗauki jan fensir ta cika wutar da shi.

Mai Famfo ya yi dariya tare da su. Amma "uhm" ɗin nan ta bi shi har wurin cin abinci, ta zauna masa a wuya. Abokan aikinsa duk sun watse, wasu sun mutu. Filin ma an ce ciyawa ta cinye shi. In yarinyar da ke cin tuwon fanshonsa ba ta yarda ba, wa ya rage?

'Yarsa Auta, uwar Barkono, tana da shagon buga hotuna a bakin kasuwa. Da ta dawo aka ba ta labari, ta ce hukumar da ke da filin ta buɗe rumbun tsofaffin hotunanta a intanet. Dubbai. Kowa na iya kallo, kowa na iya bugawa.

"Ka zo shago ranar Asabar, Baba. In kana ciki, ko a bayan tanki ka ɓuya sai na zaƙulo ka."

A ranar ya nemo guduma, ya kafa ƙusa a bangon falo, daidai saitin kujerarsa.

"Me za ka rataya?" in ji Inna.

"Hoto."

"Wanne?"

"Za ki gani."

"In ba a samu ba, na rataya almakashina. Ba ta tashi a banza ba."

Ranar Asabar duk suka ɗunguma. Shagon Auta ƙarami ne: farin labule na masu hoton fasfo, madubi da mataci ɗaure da zare don kada a tafi da shi, firam-firam jingine da bango, injin bugawa yana ta wari irin nasa. Ta ja wa mahaifinta kujera gaban kwamfuta, ta zauna ta ɓangaren kunnensa mai rai. Inna ta samu benci. Barkono ta tsaya a bayansa, haɓarta a kafaɗarsa.

Da farko hotunan sama suka fito. 'Yan sama jannati cikin fararen kaya kamar an hura su. Farin wata, duk ramuka. Duniya ita kaɗai a cikin baƙi, shuɗiya, ba abin da ya tokare ta. Mai Famfo ya daɗe yana kallonta.

"Injinan da muka gwada ne suka kai masu ɗaukar wannan," ya ce a hankali.

"Mu ka?" in ji Barkono.

"Wuce gaba, Auta."

Ta shiga ɓangaren filin gwaji. Ginin ƙarfen ya bayyana, da matakalarsa, da tankunansa. Ya matso da kujera kamar ya hango gidan da aka haife shi. Hoto na gaba, daga kusa aka ɗauka: bakin inji kamar ƙatuwar ƙararrawa, wuta na fita.

Ba ja ba ce. Shuɗiya ce, garai-garai, har ana hango ƙarfen da ke bayanta. A tsakiyarta wasu ƙulle-ƙullen haske a jere kamar duwatsun wuya. Shi da ya san ta da ƙara da girgiza, ya zaci wata mummunar aba ce. Ashe siririya ce, mai tsabta.

"Ashe haka kike," ya ce.

Barkono ta yi tsaki. "Na ɓata zanena."

Suka ci gaba. Injiniyoyi da fararen riguna suna nuna allo. Manya suna gaisawa. Sai ga Dogo mai walda, amininsa, Allah ya ji ƙansa, ya ɗage gilashin fuska yana washe baki. Ga mai gadin ƙofa da ƙaton cikinsa. Ga matar kantin abinci riƙe da buta. Mai Famfo yana ta kiran sunaye, yana dariya, yana goge ido da bakin riga. Har karen da ke kwana ƙarƙashin motar kashe gobara ya samu hoto biyu.

"Kare ma ya fito," in ji Barkono.

"Ke!" in ji Auta.

Masu hoton fasfo suka yi ta shigowa. Auta ta tashi ta ɗauke su, ta dawo. Rana ta take. Aka kai ga hoton ma'aikata gaba ɗaya, sun jeru a gaban ginin, sahu-sahu. Auta ta ƙara girmansa, ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa tun kafin ta kai ƙarshe ya tuna ranar. Yana tsiyaye bututu aka aiko kiransa, ya ce ga shi nan zuwa. Da ya gama ya fito, mai hoto ya naɗe kayansa.

"Ba na ciki," ya ce. "Bar wahalar da idonki."

"Akwai saura, Baba."

"Mai hoto lokacin wuta yake aiki. Ni kuma lokacin wuta ina kulle."

Barkono ta ɗauke haɓarta daga kafaɗarsa. Ya tuna ƙusar nan a bango, tsirara, kowa zai shigo ya gan ta. Ya dafa gwiwa zai tashi.

Auta ta danna na gaba, don dai kada hannunta ya zauna haka. Wannan daga nesa aka ɗauko shi, filin gaba ɗaya. Ginin ƙarfen ya koma kamar akwatin ashana. Daga gindinsa wani farin abu ya turnuƙe, ya hau, ya yi ta hawa, ya fi ginin sau ba adadi, ya cika rabin sama, rana na dukan gefensa.

"Kai!" in ji Barkono. "Wannan hayaƙi!"

Mai Famfo ya koma ya zauna.

"Ba hayaƙi ba ne," ya ce. "Tururi ne."

"Tururin me?"

"Ruwa." Ya dafa ƙirjinsa. "Ruwana."

An sha gaya masa cewa in ruwa ya haɗu da wutar yana tashi sama. Ya ɗauka kamar na tukunya ne, ya ɗan fi girma. Duk sanda ya buɗe ƙofa iska ta riga ta kwashe shi, sai dai ya tarar ƙasa a jiƙe, ana ɗan yayyafi, alhali sama tas. Bai taɓa sanin abin da yake turawa ta bututun nan, yana zaune a ɗaki mai warin giris, yana zama tsauni a sama ba.

"Koma baya, Auta."

Ta koma. Sai yanzu ya lura. Gajimaren na nan a bayan Dogo. Yana nan a bayan manyan da ke gaisawa. Kusan duk hoton da aka ɗauka a waje, yana ciki. Fuskoki yake nema, bai kalli sama ba.

"Yayyafin nan kuwa na san shi," in ji Inna daga benci. "Mutum ya dawo gida da rani tsaka, bayan wandonsa sharkaf. Maƙwabta na kallo. Na ce Malam, in wata lalura ce ka faɗa mini, mu nemi magani."

Auta ta fashe da dariya har da dukan tebur. Barkono ta zube ƙasa.

"Sirdin keke ne yake jiƙewa, Tsohuwa! Na gaya miki!"

"Ka gaya mini. Shi ya sa na ɗinka masa riga." Inna ta taso, ta saka tabarau, ta sunkuya gaban kwamfuta. "Mayar da babban nan. Can ƙasa, ta hagu. Wancan ɗan ginin mai kama da kabari. Jawo shi."

Auta ta jawo. Gini gajere, ba taga, ƙofar ƙarfe a rufe. A jikin bangon keke ɗaya a jingine. Sirdinsa sanye da wani abu rawaya mai baƙin ɗigo-ɗigo.

"Laimata ce," in ji Inna. "Wadda iska ta karya shekarar da na haife ki. Na farke ta na yi masa riga, har da zariya." Ta miƙe, ta cire tabarau. "Ɗinkina ya shiga rumbun hukuma."

Barkono ta matso har hancinta na taɓa gilashi. Ta daɗe.

"Keke ne," ta ce. "Ina mutum?"

Mai Famfo ya ɗora yatsa a kan ƙofar.

"Nan."

"Ba na ganinka."

"Kin ga ƙofa a rufe?"

"Eh."

"Kin ga keke a waje?"

"Eh."

Ya ɗaga yatsan, ya bi farin gajimaren tun daga gindi har inda hoton ya ƙare. "Wannan ba ya tashi sai ina ciki. Da na fito a ɗauke ni, da babu shi."

Ta kalli ƙofar, ta kalli gajimaren, ta sake kallon ƙofar. Ta tura baki, irin na wadda aka kayar amma ba ta shirya faɗa ba.

"To amma wutar, rana ɗaya muka gan ta ni da kai."

"Rana ɗaya," ya ce. "Ke ma sai ki ba jikokinki labari."

Auta ta tambaya ko ta yanko ɗakin da keken kawai, ta ƙara musu girma. Ya ce a'a, duka. Ta buga a takarda mafi faɗi da injin ke ɗauka. Ta buga na Dogo ma, ƙarami, za a kai wa matarsa. Inna ta zaɓi firam, ta ce tana da haƙƙi tunda aikinta na ciki.

A gida ƙusar ta yi ƙasa da yawa, firam ɗin na taɓa bayan kujera. Sai da ya zare ta ya ƙara sama. Inna ta tsaya daga ƙofa tana ba da umarni, dama kaɗan, ya yi yawa, mayar.

Da la'asar yana zaune ƙarƙashinsa, Barkono ta shigo janye da ƙawarta, jikar direban jirgin ƙasa. Ta hau hannun kujerarsa ba sallama, ta dangwala yatsa a gilashi.

"Ga kakana."

Ƙawar ta ƙanƙance ido. "Ina?"

"Cikin ɗakin nan. Shi yake yin gajimaren."

"Ni ban ga kowa ba."

"Ai ba za ki gani ba. Aiki yake, ba tsayawa hoto ba." Ta sauko. "Zo ki ara mini shuɗin fensirinki."

Mai Famfo ya lumshe ido kamar mai barci. Kunnen dama ne ta wajensu, ya ji komai.