Famfon Ɗanzomo Bai Tsaya Ba

Shekara goma sha biyar Abdulbaqi yana haɗa wa rijiyoyin burtsatse na'ura biyu, ɗaya ta famfo, ɗaya ta allo. Sai ga 'yar ƙanwarsa Ummulkhair ta dawo daga karatu da wani ɗan cif na kwamfuta, bai fi farce ba. Makiyayan Ɗanzomo suka yanyame ta, shi ko tabarma ba a shimfiɗa masa ba.

"Ƙwaƙwalwa huɗu gare shi, Kawu," in ji ta. "Ɗaya ta famfo ce, tsarinta daban, ba ta makara ko ƙiftawar ido. Ukun suna ji da allo da saƙonnin waya."

Abin ya tsaya masa a wuya. Tana juyawa gaishe da Arɗo, ya hau danne-danne har allon ya sandare. Ya ɗaga murya, "To, ga shi nan ya mutu!"

Kowa ya waiwayo. Ruwa na ta kwarara cikin kwami, shanu na sha.

Ummulkhair ta dubi allon, ta sunkuyar da kai.

"Allon kawai ka tsayar, Kawu. Famfon bai ma san ka zo ba."